Haƙuri Iri Biyu: Tunani a Kan Ciwon Tsakiyar Shekaru

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ya san ba gari ne da ake yaye bargo da tsakar dare ba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma in hunturu ya kankama, ruwan randa ma sai mutum ya cije kafin ya taɓa shi. Amma a cikin irin wannan sanyin ne na riƙa farkawa in tarar uwargidana ta ture bargo, ta buɗe taga, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. In na tambaya sai ta ce, “Ba komai, Maigida, koma barcinka.” Ni kuwa sai in koma. Gari na wayewa in aiki yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓi. A cikin shekara guda mun yi maganin maleriya da taifot har ban san iyaka ba, alhali ba ko ɗaya daga cikinsu da ke damunta.

Akwai kuma maganar hannunta na dama. Takan tashi cikin dare tana yarfa shi kamar wadda ta taɓa wuta. Zaren allura ya gagare ta. A Zumuntar Mata ita ce mai kaɗa tulu, sai ta bar wa wata ba tare da ta faɗi dalili ba. Haka aka shafe shekara uku, har ranar da tukunyar miya mai zafi ta suɓuce daga hannunta, jikanmu yana rarrafe kusa da murhu. Allah ya tsare yaron. Washegari muka tafi asibiti.

Likita ya duba hannun, ya gwada shi da na hagu, ya nuna mini yadda tsokar gindin babban yatsa ta zaizaye. Ya ce, “Mama, tun yaushe ke nan?” Ta ce shekara uku. Ya ce, “To, me ya hana ki zuwa?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Haƙuri nake yi, likita.”

Wannan amsa tata ita ce ta haifi wannan rubutu, kuma da izininta na yi shi. Tambayar da nake so mu duba tare, ya mai karatu, ita ce: shin abin da ta yi shekara uku haƙuri ne? In kuwa ba shi ba ne, mene ne haƙuri na gaskiya ga mutumin da jikinsa ya fara juya masa baya?

Kalma ɗaya, hali biyu

Babu halin da muke yabo kamar haƙuri. Mukan ce shi ne maganin zaman duniya, mukan ce mai shi yakan dafa dutse har ya sha romo. Da shi ake sallamar amarya, da shi ake ta’aziyya, da shi ake gaida majinyaci. Ba na jayayya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai na lura muna kiran abubuwa biyu da wannan suna ɗaya. Na farko shi ne jure abin da ba ka da ikon sakewa, ba tare da zuciyarka ta yi ɗaci ba. Na biyu shi ne yin shiru a kan abin da kake da ikon sakewa, saboda kunya, ko tsoro, ko gudun ɗora wa mutane nauyi. A ido kamanninsu ɗaya, gama dukansu ba sa kuka. Amma na farko yana gina mutum, na biyu kuwa yana cinye shi a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara.

Mutanen da suka fi faɗawa cikin iri na biyu su ne masu shekara arba’in da biyar zuwa sittin. Su ne ginshiƙan gida: a sama ga iyaye tsofaffi da ke bukatar magani, a ƙasa ga ’ya’ya a jami’a da ke bukatar kuɗin makaranta. Su ne dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta, waɗanda kowa ke kawo wa kuka. Wanda ya saba a jingina da shi yakan ji nauyin cewa shi ma yana neman majingini. A daidai waɗannan shekaru ne kuma hawan jini, da ciwon suga, da ciwon baya, da matsalar fitsari ga maza, da tsayawar al’ada ga mata suke sallama.

Abin da jijiya ta koya mana

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da kaya da yawa. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran waɗannan fararen zaruruwa da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Iri na ukun ne ya sami matsala a hannun uwargidana. A wuyan hannu akwai wata ƙuntatacciyar hanya, ƙasusuwa daga ƙasa, wani tantani mai tauri daga sama. Ta cikinta jijiyar da ke ba babban yatsa da manuniya da yatsan tsakiya ji take wucewa. In wurin ya kumbura sai jijiyar ta matsu, mutum ya fara jin minjirya da sagewa, musamman da dare. Ciwon ya fi kama mata a tsakiyar shekaru, da masu ciwon suga, da masu matsalar maƙoƙo. In an zo da wuri, wani lokaci takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare ko allura a wurin kan wadatar. In an daɗe, sai tiyata: a tsaga tantanin nan domin jijiyar ta sami sarari.

Tiyatar ba ta ɗauki lokaci ba, a ranar muka koma gida. Zafin dare ya tafi cikin ’yan kwanaki. Amma sagewar yatsu ta zauna daram, har ta fara cewa aikin bai yi ba. Da muka koma, likita ya ɗauki abin awo ya ɗora daga wuyan hannunta zuwa kan yatsa. Ya bayyana mana cewa jijiyar da ta lalace tana sake tofowa ne kimanin milimita ɗaya a rana, wato wajen inci ɗaya a wata, kuma babu kuɗi ko allurar da za ta sa ta gudu. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa wajen inci bakwai ne. Ya ce ta yi lissafi da kanta.

A nan ne na ga bambancin haƙurin nan biyu da idona. Wadda ta yi shekara uku tana shiru ba tare da wahala ba, sai ga shi wata bakwai na jira sun nemi su gagare ta. Shiru na farko bai bukaci komai daga gare ta ba sai ɓoyewa. Jira na biyu kuwa ya bukaci ta je wurin masu gashi a ranakun da aka sa mata, ta matsa ƙwallon roba safe da yamma, ta bar wa ’yarta wanki, ta yarda ni in ɗaura mata ɗankwali, abin da ya ba yara dariya ƙwarai. Haƙuri na gaskiya aiki ne, kuma a fili ake yinsa, gaban mutanen da ke ganin rauninka.

Akwai wani darasi kuma. Likitan nan ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a asibitin mishan na Vellore a ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin guntulewar yatsun kutare ba cutar ce ke cin naman kai tsaye ba. Cutar tana kashe jijiya ne, sai mutum ya daina jin zafi, ya riƙa ƙonewa da yankewa bai sani ba, har gaɓar ta lalace. Waɗanda suka yi aiki a asibitin Mangu, wanda aka fara domin jinyar kutare, sun san wannan sarai. Ashe zafi ɗan aike ne. Jiki magayi, in ji masu magana. Mutumin da yake danne zafi wata da watanni da ƙwayoyin kemis yana kama da wanda ya kori ɗan aike don kada ya ji saƙo. Ga shi kuma yawan shan irin su diclofenac yana illa ga ciki da ƙoda, tramadol kuwa ya riga ya zama bala’i a unguwanninmu.

Abin da ba a faɗa a Zumunta

Likitan hannu ne ya ji labarin gumin dare, ya tura mu wurin likitan mata. A can aka kira abin da sunansa. Yawancin mata al’adarsu tana tsayawa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da haka in an yi wata goma sha biyu ba a gan ta ba. Dalilin shi ne raguwar wani sinadari da jiki ke sarrafawa, daga cikin waɗanda ake kira homon, mai suna istirojin. Raguwarsa ce ke kawo zafin da ke taso wa mace farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da rashin barci, da saurin fushi, da bushewar gaba wadda ke mai da saduwar aure abin tsoro. A hankali kuma ƙasusuwa sukan rage ƙarfi. Wasu matan sukan wuce wannan mataki da sauƙi, wasu kuwa sukan sha wuya shekaru.

Dole in yi furci a nan. A waɗannan shekaru na yanke wa matata hukunci a zuciyata. Na ce ta zama mafaɗaciya, na ce ta daina sona. Na yi karatun jami’a, na shekara da shekaru ina gyara rubutun wasu a kan zaman aure, amma ban san abin da ke faruwa a ɗakina ba. Gidaje nawa ne suka yi sanyi saboda irin wannan jahilci? Mata nawa aka kai wa masu addu’a a kan an yi musu jifa ko iska ta taɓa su? Maza nawa suka fara duban waje suna ba kansu hujja? Zumuntar Mata tana koyar da tarbiyyar yara, da dafa abinci, da biyayya, da sana’a. Wannan mataki da kowace mace mai tsawon rai za ta taka, ba kasafai ake jin sa a jadawali ba.

Akwai magani, wato a mayar wa jiki kaɗan daga homon ɗin da ya rasa, ta ƙwaya, ko filastar da ake mannawa a fata, ko man shafawa. Macen da mahaifarta ke nan ana haɗa mata da homon na biyu, furojestaron ko danginsa, domin istirojin shi kaɗai yana iya jawo sankarar mahaifa. Tarihin wannan magani abin koyi ne. An daɗe a ƙasashen Turai da Amurka ana ba da shi kamar ruwan kiyaye ƙuruciya. A 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai suna Women’s Health Initiative, wanda ya ƙunshi mata fiye da 16,000, domin an ga ƙarin sankarar mama, da shanyewar ɓarin jiki, da daskarewar jini a cikin masu shan haɗin. Mata da yawa suka watsar da maganin a tsorace. Daga baya masana suka sake duba sakamakon, suka lura cewa matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, wato yawancinsu sun daɗe da wuce matakin. Matsayin da likitoci suka fi tsayawa a kai yanzu shi ne: ga mace mai ƙoshin lafiya da ba ta kai sittin ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da tsayawar al’ada ba, kuma alamun suna wahalshe ta, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Ba a saba ba da shi ga wadda ta taɓa sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai ciwon hanta ba. Kuma duk macen da ta ga jini bayan al’adarta ta tsaya, ta je asibiti ba tare da jinkiri ba. Wannan ba maganin da za a saya a kemis don ƙawa ta ce ya yi mata aiki ba ne. An auna uwargidana, an tambayi tarihin danginta, sannan aka ba ta kaɗan, ana kuma sake dubawa lokaci lokaci.

Tambayoyi uku masu nauyi

Wata dattijuwa da nake girmamawa ta ce mini, “Ɗana, wannan ai ba ciwo ba ne, tsari ne na Mahalicci. Iyayenmu sun wuce shi ba ƙwaya.” Maganarta tana da gaskiya a ciki. Tsufa ba cuta ba ne, kuma akwai wauta cikin ƙin yarda da shi, irin wautar da ta sa aka taɓa tallar homon a matsayin maganin tsufa. Amma raunin ido bayan shekara arba’in shi ma tsari ne na halitta, ga shi ita kanta da tabarau take karatu. Insulin, wanda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, shi ma homon ne, ba mu kuwa taɓa cewa mai ciwon suga ya yi wa Mahalicci tawaye don ya yi allurarsa ba. Haka wanda aka cire wa maƙoƙo yake shan homon kullum har ƙarshen ransa. Me ya sa sai a kan wahalar mace ne muke tuna cewa abu tsari ne na halitta? Ma’aunin da nake gani shi ne manufa. Neman komawa ’yar shekara talatin ruɗin kai ne. Neman barci, da natsuwa, da ƙarfin yin hidimar da ke gabanka, kula ne da amanar da aka ba ka.

Tambaya ta biyu ita ce ta bangaskiya. Mun sha jin shaida a majami’a ta wanda ya zubar da ƙwayoyinsa, jama’a suka yi tafi. Ba mu cika jin labarin waɗanda suka zubar da maganin hawan jini suka wayi gari ɓarin jiki ya shanye ba, domin su ba sa iya hawa bagadi su faɗa. Na gaskata Ubangiji yana warkarwa yadda ya ga dama. Amma Littafi Mai Tsarki bai sa gaba tsakanin addu’a da magani ba. Sarki Hezekiya ya yi addu’a da hawaye, aka amsa masa, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka, abokin tafiyar Manzo Bulus, likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara a wannan tudu su ne suka buɗe asibitin Vom a 1922, su ne kuma suka buɗe Evangel a 1959, wanda muke kira Jankwano, yanzu Asibitin Koyarwa na Jami’ar Bingham. Da hannu ɗaya suka riƙe Littafi, da ɗayan suka riƙe allura, ba su ga saɓani ba. Wani lokaci abin da muke kira bangaskiya tsoro ne kawai na jin abin da likita zai faɗa.

Tambaya ta uku ita ce mafi wuya, ba ni kuma da amsa mai sauƙi. Daga baya uwargidana ta gaya mini ainihin dalilinta: a shekarar da hannun ya fara, yara biyu suna jami’a, mahaifiyata kuma tana kwance. Ta yi lissafi ta ga babu wurin ciwonta a cikin albashinmu. Wa zai ce wannan ba ƙauna ba ce? Ƙauna ce, amma ta yanke shawarar ita kaɗai a kan abin da ya shafe mu duka. Da ta faɗa, da mun zauna mun auna tare, wataƙila da takalmin hannu na ’yan kuɗi kaɗan ya isa. Jinkirin ya sa mun biya kuɗin tiyata, ya kusa kuma sa jikanmu ya biya da fatarsa. Jikin uwa ko uba ba nasu ba ne su kaɗai, rumbun gida ne. Wanda ya ga rumbu yana yoyo ya yi shiru don kada a kashe kuɗin yaɓe, bai yi wa gidan tattali ba. Ni ma ina da nawa laifin, gama na gina gidan da mace za ta ga ciwonta ne abu na ƙarshe a jerin bukatu.

Wannan nauyi kuma bai kamata ya tsaya kan iyali kaɗai ba. Tun 2022 akwai sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, Jihar Filato kuma tana da hukumarta, PLASCHEMA. Ikilisiyar da ke iya tara kuɗin rufin majami’a da na jana’iza tana iya taimaka wa gwauraye da marasa ƙarfi su yi rajista. Mun iya haɗa kuɗin akwatin gawa cikin kwana biyu. Ya kamata mu koyi haɗa kuɗin awo tun mutum yana tsaye da ƙafafunsa. A kusan kowace ikilisiya a Jos akwai nas ko likita ko ungozoma a kan benci. A ba su rana ɗaya a jadawalin Zumuntar Mata, a ba su wata a Zumuntar Maza, a kuma tabbata mazan sun ji abin da ke samun matansu, sun kuma ji nasu.

Haƙurin da ya rage

Bayan an yi duk abin da za a yi, akwai saura. Ji ya dawo yatsun uwargidana, ta koma kaɗa tulunta. Amma tsokar gindin babban yatsa ba ta cika kamar dā ba, kuma likita ya ce mai yiwuwa ba za ta cika ba, domin jijiyar ta daɗe a matse. Har yau ni nake buɗe mata murfin kwalba. Manzo Bulus ma ya roƙa sau uku a ɗauke masa wata ƙaya a jikinsa, ba a ɗauke ba, ya ci gaba da hidima da ita. A nan ne gurbin haƙuri na gaskiya yake: bayan an faɗa, an nema, an yi magani, an yi addu’a, sai a karɓi abin da ya rage ba tare da gunaguni ba. Kuskurenmu shi ne mukan ɗauko haƙuri daga ƙarshen hanya mu ajiye shi a farkonta, ya tare ƙofa.

Saboda haka, ’yan’uwa, in kun rufe wannan mujalla, maigida ya dubi uwargida, uwargida ta dubi maigida, a yi tambayar da ni na yi shekara uku ban yi da gaske ba: ina ne ke yi maka ciwo, ina ne ke yi miki ciwo? In an ce ba komai, kada a koma barci. A sake tambaya, a kuma jira amsa. Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabe abin da za mu jure da abin da za mu kai asibiti, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.